Shekarar da Kaina Ya Ƙi Kitso

Tun da babanku ya rasu bakin gwaggwanninku ya buɗe, duk inda aka taru sai sun ba da labarin wai na taɓa yi masa takaba yana raye. Suna faɗa suna dariya, ku ma kuna taya su, ni kuma ina yin shiru don kada a ce tsohuwa tana musu da dangin miji a gaban jikoki. To, yau alƙalami yana hannuna, babu mai katse ni. Ban yi wa kowa takaba ba. Gashina aka yanke, yankan da ban nema ba, kuma saura ƙiris ya raba ni da gidan da aka haife ku.

A lokacin muna Tanut, shekarata biyu da aure, ban haihu ba tukuna. Ina aiki a gidan likita, ni ke awon jarirai ina rubuta nauyinsu a kati, don na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida kuma rubutuna yana karantuwa. Babanku shufer ne, yana jan babbar motar wani ɗan kasuwa, ya ɗauki hatsin Damargu ya kai Agadas, wani lokaci ya wuce can cikin rairayi har Bilma. Babu kwalta a hanyar, babu waya; in mutum ya tafi, sai ranar da ka gan shi. Mu biyu yake bari a gida, ni da uwarsa Inna, kakarku, wadda kuka tarar tana raba muku dabino kuna cewa babu mai kirki kamarta. Ni dai ban tarar da ita da dabino ba. Doguwar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta zagi, amma in ta dube ka daga sama har ƙasa ta yi shiru, sai ka gwammace ta zage ka ka huta. Babanku ɗanta na fari ne, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu mata, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa, sai dai ta ce yaron nan. Girkina ba ya burge ta, aikin likita ba ya burge ta, abu ɗaya ta yarda na zo da shi gidanta, shi ne gashi. Kakata ta wajen uwa Buzuwa ce daga wajen Tenhiya, ita ta bar mini shi, baƙi wuluk mai laushi, in an tsefe ya sauka har tsakiyar baya. In baƙi suka zo, Inna takan ce in cire adiko in sha iska, ko da kuwa ana sanyi, ni ma na san nuna ni take yi kuma ina jin daɗin hakan.

Babanku ya tafi bayan an gama kaka, ya ce wata uku zai yi. Sati biyu da tafiyarsa aka tura ni Damagaram sitaj, wato kwas, na kwana goma sha biyar, mu koyi sabon katin awo. A ɗakin da aka sauke mu akwai wata Ramatu, 'yar Yamai, mai dogon wando da takalmi mai tudu, kullum tana riƙe da wata mujallar Faransanci da ta sha hannu har bangonta ya fita. Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba, duk abin da ta faɗa sai in ga kamar daga littafi ya fito. Ranar Lahadi na tsefe kaina na wanke, ina zaune a rana yana bushewa, sai ga ta ta tsaya a kaina ta riƙe baki.

"Kai, 'yar'uwa! Wannan dukiya kike dannewa a ƙarƙashin tsumma? Duba, bakinsa ya tsattsage. Zo in datse miki bakin kawai, sai ki ga ya ƙara tsawo."

"Kamar yaya za ki datse?"

"Faɗin yatsa ɗaya."

"Yatsa ɗaya fa, Ramatu."

"Wallahi ko yatsan ma ba zai kai ba."

Ta aro almakashi wurin telan da ke bakin ƙofa, na zauna a kujera 'yar tsuguno na ba ta baya. Babu madubi a gabana. Ina jin ƙaras-ƙaras a ƙeyata, tana ba ni labarin gadar Yamai, ina ta cewa ikon Allah. Sai na ji ta dawo gefen kunne. Na ce a raina ai can ma akwai baki. Sannan ta zagayo gabana, ta ɗaga gashin goshina tsakanin yatsunta biyu, ta datse, wani curi mai tsawon hannuna ya faɗo mini a cinya.

"Ramatu! Mene ne wannan?"

"Degarade ke nan, hawa-hawa ake yinsa. Kar ki motsa, za ki ɓata mini layi."

Da na miƙe a lokacin ma aikin gama ya gama, don ta riga ta gama da baya. Hawa huɗu ta yi mini: na goshi iyakarsa gira, na gefe iyakarsa kunne, na uku a wuya, na ƙeya kuma ta bar shi siriri a kafaɗa. Ta ɗora matajin ƙarfe a wuta ta miƙar da shi, ta kawo mujallar ta kara da fuskata, sauran 'yan sitaj suna ta tafi. Zan faɗi gaskiya tun da gaskiya na zauna rubutawa: ya yi kyau, na rabin yini. Na so in yi kuka, amma yaya za ka yi kuka ana yi maka tafi? Kwana biyu zufa da ruwan alwala suka shige shi, ya koma halinsa, kowane hawa ya tashi ya kama gabansa, kaina ya zama kamar jinkar rumbun da iska ta kwana tana wasa da ita. Ramatu ta hau motar Yamai ranar da aka sallame mu, ban sake ganinta ba har yau. In tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, in ta rasu Allah ya jiƙanta. Na yafe mata almakashin, rantsuwar ce dai har yanzu take tsaya mini a wuya.

Na koma Tanut da adiko biyu a kai, ɗaya a kan ɗaya, na ce mura nake yi. Kwana uku ƙaryar ta yi. Ranar Juma'a ranar kitso ce a gidanmu, kuma Inna ta riga ta aika wa Gwaggo Azumi, makitsiyar unguwarmu, ta zo da tsinkenta da kaskon man shanunta ta shimfiɗa tabarma a gindin aduwar tsakar gida. Na ce kaina yana ciwo. Inna ta ce kitso ne maganinsa. Na zauna, Gwaggo Azumi ta zare adiko na farko, ta zare na biyu, sai na ji ta yi salati kamar ta buɗe kwando ta ga maciji. Duk da haka ta gwada, don mace ce mai ji da hannunta. Ta tsaga layi daga goshi ta fara kitsawa, kafin ta kai tsakar kai gajerun sun zame sun tsaya cirko-cirko. Ta warware, ta shafa mai, ta sake. Sau uku. Kun san kitso da gashi uku ake yinsa, kuma dole su yi tafiya tare; nawa kuwa ɗaya ya ƙare a gira, ɗaya a kunne, na ukun ya ci gaba shi kaɗai. Ta ajiye tsinken ta dubi Inna.

"Yaya, wannan kai ba ya kitsuwa. Ko dai a daidaita shi duka da na goshin a fara daga farko, ko a naɗe shi da zare tukku-tukku. Ban san na uku ba."

Ku yaran yanzu kuna yini da kai a tsefe babu mai ce muku uffan, don haka sai na yi muku bayani. A wurinmu matar aure ba ta zama da kai babu kitso sai in mijinta ya mutu. Mai takaba ce ke barin kitso da kwalli da lalle har ta fita. Matar matafiyi kuwa, tsofaffi sun ce ko rana ɗaya kada ta faɗi kanta yana tsefe, don kamar ta riga ta shirya wa labarin da bai zo ba ne. Na san da wannan magana, amma wallahi ranar da Ramatu take ƙaras-ƙaras ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Inna ta jira har Gwaggo Azumi ta shiga bayan gida, sannan ta yi magana da ƙaramar muryar nan tata.

"Yaron nan yana cikin rairayi, ke kin zo kin zauna masa da kan gwauruwa. Me kike kira mana?"

"Inna, ba da gangan ba ne. Bakin kawai na ce a datse."

"Almakashin ne ya bi ki da gudu?"

Sai ta ƙara da cewa:

"Ƙarfe ba zai ƙara taɓa kan nan ba sai ya dawo. In ya dawo kuma, ni da bakina zan gaya masa abin da aka yi a bayansa, ya san inda zai mai da ke."

Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, kuma babanku bai taɓa tsallake maganarta ba. Inda za a mai da ni shi ne Falanko, gidan ubana, da shekara biyu babu haihuwa da sunan wadda ta yi wa miji fatan mutuwa. Ni kuwa ina son babanku. Ba a faɗin irin wannan a zamaninmu, amma ni na zaɓe shi, kuma ina jin ƙarar motarsa tun tana bayan gari.

Tun da an hana daidaitawa, zare ya rage. Gwaggo Azumi ta kama kaina ta raba shi tukku-tukku, ta naɗe kowanne da baƙin zare har ya tsaya ƙyam. Na goshi gajeru, na ƙeya dogaye, kaina ya fito da ƙahoni sun fi talatin, babu biyu masu tsawo ɗaya. Na ɗaura adiko ya tsaya a sama kamar an shanya shi a kan ƙaya. Ba na iya ɗora kai a matashi ta kowane gefe. Ranar Litinin ina sunkuye ina ɗora wani jariri a ma'auni, adikon ya kama ƙugiyar ya tafi, yaron ya dube ni ya canyara ihu, uwarsa ta fizge shi, layin mata duka ya tuntsire da dariya, har majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya leƙo ya koma yana tari. Da na koma gida na zauna na warware zaren nan ɗaya bayan ɗaya, na ce camfi ne, ni ba zan zama dodon yara ba saboda camfi. Don in ƙarfafa hujjata har gidan liman na je, na sa matarsa ta tambayar mini, ya aiko cewa babu takaba sai da mutuwa, kuma kan mace ba ya kashe kowa. Na kawo amsar nan gida da saurina kamar na ci jarrabawa. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Liman ne ya haifi yaron nan?"

A nan na yanke shawarar da na daɗe ina jin haushin kaina a kanta. Na ce ba zare, ba kitso, zan rufe kaina in jira ya tsiro, wanda ya ga dama ya yi magana. Taurin kai ne, na sani. Shekarata ashirin, ina da takardar lakwal, kuma ina ganin in na sunkuya wa tsohuwa sau ɗaya na sunkuya ke nan har abada.

Wanda bai taɓa jiran gashi ya tsiro ba bai san jira ba. Kuma duk wanda ya ji labari sai ya zama boka. Gwaggona ta Belbeji ta aiko mini da man shanu cike da ƙwarya, ta ce safe da yamma. Wata ta ce in riƙa wankewa da karkashi, na wanke har kaina ya koma santsi kamar miya. Wata ta ce ruwan albasa, na yi sati ina hawaye. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce in an shafa mai sai a rufe da tsumma a zauna a rana. Duk na yi, ni mai cewa ban yarda da camfi ba. Da sanyi abin da sauƙi. Da bazara ta shigo, man nan ya riƙa narkewa yana bin bayan kunnena yana sauka a wuyan farar rigar aiki, ƙudaje suna raka ni daga gida har gidan likita su jira ni mu dawo tare. Wata rana majo ya tsaya a bakin ɗakin awo yana shinshina iska.

"Madam, akwai mai suya a nan ne?"

Na yanki wani ɗan kara na ɓoye a bayan tukunyar ruwa, kowace Juma'a in kara shi da gashin goshina in yi alama da farce. Yana tsirowa, ban ce ba ya tsirowa ba, kusan gaɓar yatsa a wata. Amma abin haushin, na ƙeya ma gaɓar yatsa yake ƙarawa, na wuya haka, na kunne haka. Kowa yana tafiya, babu mai jiran wani. Hawa huɗun nan suna nan yadda Ramatu ta bar su, sun dai sauko ƙasa kaɗan. Maganin a fili yake, a riƙa rage dogon har gajeren ya cim masa, kuma almakashi yana nan a teburin aikina kullum yana kallona. Sau biyu ina ɗaukarsa in ajiye. Dalili kuwa, ashe Inna ma tana nata awon. Kowace Juma'a sai ta ce in juya ta ga ko ƙwarƙwata ta shiga, ta kama jelar ƙeyar ta auna da taƙinta, ta sake ni. Ni ina awon gaba, ita tana awon baya, a gida ɗaya, ba ma magana.

Gwaggo Azumi kuwa kai goma take kitsawa a sati, kuma ba da hannu kaɗai take aiki ba. Kafin wata biyu babu matar da ba ta sani ba a Tanut. A bakin rijiya wata ta gaishe ni da "ya haƙuri?", gaisuwar gidan mutuwa, sauran suka rufe baki da gyale. Wannan na shanye. Wanda ban shanye ba shi ne bikin 'yar maƙwabtanmu, yarinyar da ni na koya wa ɗaurin zane. Na miƙa hannu zan taya sa mata lalle, uwarta ta janye ƙwaryar a hankali ta ce in je in taya masu tuwo, sun yi kaɗan. Masu tuwo sun fi goma. Na koma gida na yi kuka don haushi, sannan na ƙara shafa man shanu.

Wata uku ya cika babu babanku. Na huɗu ya wuce. Na ce ai hanya ce, ya saba. A cikin na biyar, wata ranar Talata da hantsi, wani shufer da ya sauko daga Agadas ya faɗa a tasha cewa motoci biyu suka taso tare daga Bilma, ɗaya ta iso, ɗayar ba a gan ta ba, kuma wadda ba a gani ba ita ce ta babanku. Kafin labarin ya same ni a gidan likita in rugo gida, mata sun fara shigowa. Ba gaisuwar mutuwa suka zo ba, don ba a ce ya mutu ba, amma sun zazzauna a tabarmi sun yi jugum, kuma duk wadda ta ɗago ido a adikona yake sauka. Inna ta fito daga ɗakinta ta tsaya a tsakar gida tana duban ƙofa, sai na ji ta kira sunansa, cikakke, sau biyu, kamar yana zaure ne tana so ya shigo. Shekara talatin da haihuwarsa ba ta taɓa faɗinsa ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, kun san shi.

Ku ji ni da kyau. Na san injin mota ba ya tambayar kan matar shufer. Na sani a ranar, na sani yau. Amma na shiga ɗaki na ɗauko zare da tsinke da ƙwaryar mai, na zo gaban matan nan duka na cire adikona, suka ga jinkar da suka yi wata huɗu suna ji a bakin Gwaggo Azumi. Na kama hannun Inna na zaunar da ita a gindin aduwa, na zauna a tsakanin ƙafafunta.

"Inna, ki kama."

Sannan na ji yatsunta a kaina, masu kaushi, hannun da ya yi shekara hamsin yana daka.

"Sunkuya," ta ce.

Ba ƙahoni ta yi mini ba. Kitso ta yi, ƙanana-ƙanana kamar zanen tabarma, tana haɗa zare da gashin, duk inda gajere ya ƙare zaren ya riƙe wurinsa har a kama na gaba. Don kada su zame sai ta ja, ja irin wanda ke ɗaga gira sama. Daga hantsi har la'asar muna zaune, sai salla ke tashe mu. Hawaye yana zuba mini, ban san na zafin ba ne ko na tsoro, ita ma ina jin nata yana ɗiga a tsagar kaina. Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Kitson ba ya wuce kwana biyar gajerun sun fara leƙowa. Sai Inna ta ɓullo da dabara: ta tsefe layi ɗaya ta kitse shi kafin ta taɓa na kusa da shi, yadda kan ba zai taɓa zama a tsefe duka ba ko na ɗan lokaci. Haka muka yi ta yi. A zaman nan ne ta fara yi mini magana, tana kallon ƙeyata, don ta fi sauƙin faɗa wa ƙeya. Ta gaya mini maza huɗu ta binne kafin su fara tafiya, da yadda ta ƙi aske wa babanku tukkunsa har ya shekara bakwai don tsoro. A sati na uku goshina ya feso da ƙuraje. Gwaggo Azumi ta shigo ta duba, wannan karon ba dariya a bakinta.

"Yaya, ki sassauta gaban nan. Saiwar kike tugewa. In ya tafi ba ya dawowa."

Inna ta tsaya. Tun da na shigo gidan nan ba ta taɓa tambayata ra'ayina a kan ko gishirin miya ba.

"In sassauta?"

In ta sassauta, na goshin zai zame kafin kwana biyu. Na san abin da Gwaggo Azumi ta faɗa gaskiya ne, ni da nake aiki a gidan likita.

"Ki ja, Inna," na ce.

Sati shida muka yi a haka. An yi ruwan farko da kwana biyu, da azahar, na ji ƙarar motar tun tana bayan gari, na saki muciya a cikin tukunya. Ya shigo da sallama yana dariya. Ya yi ƙiba. Ƙiba, ku ji fa! Wai wani ƙarfe ne ya karye a ƙarƙashin motar kusa da wani ƙauye mai rijiya da dabino, suka zauna jiran a kawo musu wani daga Libiya, suna cin dabino da naman akuya suna dara a inuwa. Wai ai ya ba wani saƙo ya kawo mana. Mutumin ashe ya yi Arlit da saƙonmu. Ina tsaye ina kallonsa, rabin raina yana godiya ga Allah, rabin yana neman taɓarya.

Na sake wani tuwon na kawo masa a tsakar gida. Inna tana zaune gefe tana tsince tsakuwa daga wake. Ga ranar da ta ce za ta gaya masa ta zo, kuma ko a cikin sati shidan nan ba ta taɓa cewa ta janye maganarta ba. Na durƙusa zan ajiye masa ruwan sha, adikon ya zame baya. A lokacin gashin goshina ya riga ya ja da baya faɗin yatsa biyu, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kamar yadda kuka san shi. Babanku ya tsaya da loma a hannu.

"Ke, me ya ci miki goshi haka? Ina gashin?"

Na dubi Inna. Ta jefar da wata tsakuwa, ta ɗauki wata.

"Ni ce," ta ce. "Hannuna ya yi nauyi, na ja mata da yawa. Ci tuwonka."

"Haba, Inna! Ina ke ina kitso yanzu? Ga Gwaggo Azumi nan, ki bar mata aikinta mana. Dubi yadda kika ɓata wa yarinya kai."

Ya yi ta mita har ya gama cin tuwon, ita kuwa ba ta ɗago daga wakenta ba. Da ya tashi wanke hannu, ta miƙo ƙafa ta zungure ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ja adikonki gaba. Na gefen kunnen ya leƙo."

Sai da aka shekara biyu hawa huɗun nan suka haɗu, ita da kanta take rage mini na ƙeyar kaɗan-kaɗan in babanku ya fita. Goshin bai dawo ba. Ko babanku ya ji wani abu a gari ban sani ba. Maganar mata ce, kuma babu wadda ta isa ta ƙaryata Inna a kan abin da ya faru a gidanta. Shi dai duk lokacin da aka yi baƙi aka zo maganar kitso, sai ya ba da labarin yadda uwarsa ta cinye wa matarsa goshi da ƙarfin hannu, a yi ta dariya. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a gefe tana jinsa, ba ta taɓa gyara masa ba.